Bonifas, malamin nahawun da aka kashe a bakin kogi

Ƴan uwa, bari in fara da inda na gamu da mutumin. A shekarata ta biyu a jami'a, wata rana da zafi ya hana kowa sauraro, malaminmu na tarihin harsuna ya rubuta kalmomi huɗu na Latinanci a allo: patris, patria, filii, filia. Ya ce a kan waɗannan kalmomi an taɓa kai ƙara har gaban Paparoma, a shekara ta 746. Wani limamin coci ne a ƙasar Bavariya, kudancin Jamus ta yau, wanda bai iya Latinanci ba sai abin da ya hardace. In zai yi wa mutum baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, ana so ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Shi kuwa sai bakinsa ya karkace. A wurin patris, "na uba", ya ce patria, "ƙasar haihuwa". A wurin filii, "na ɗa", ya ce filia, "ɗiya". Bishop ɗin da ke kula da yankin ya ji labari, ya ce duk wanda limamin nan ya yi wa baftisma sai an sake masa. Muka fashe da dariya, wani daga bayan aji ya ce ashe mushen dikte tun can yake.

Sunan bishop ɗin Bonifas. Shekara 8 bayan wannan ƙara aka kashe shi a arewacin Holand ta yau, yana dab da shekara 80. Cocin Katolika na girmama shi a matsayin waliyyi kuma shahidi, ana masa laƙabi da manzon Jamus. Dariyar ta wuce, amma mutumin bai fita raina ba. Na bi tarihinsa, ga kuma abin da na samo: tun daga ƙuruciya har ranar mutuwa rayuwarsa a kan rubutacciyar kalma ta tsaya, kuma rubutun ne ya yanke wanda muke jin muryarsa yau da wanda ba mu ji.

Yaron da ya koyi Latinanci a littafi

An haife shi wajen shekara ta 675 a masarautar Wessex, kudu maso yammacin Ingila. Mutanen garin Crediton sun ce a garinsu ne. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Winfrid. Tun yana ƙaramin yaro ya shiga gidan zuhudu na Exeter, inda maza ke keɓe kansu don ibada da karatu, daga baya ya koma na Nursling, hannun wani shugaba mai suna Winbert. A can ya zama malami. Ya rubuta littafin nahawun Latinanci da wani a kan awon baitin waƙa, kuma yana wajen shekara 30 aka naɗa shi limami.

Sai mun ɗan tsaya kan wanga batu na nahawu. A ƙarni na 8, mutumin Roma ko na ƙasar Gol, inda Faransa take yau, bai ɗauki Latinanci baƙon harshe ba. Abin da yake ciniki da shi a kasuwa Latinanci ne da ya yi ɗaruruwan shekaru a bakin mutane, ƙarshen kalmomi ya zaizaye, yana kan hanyar zama Italiyanci da Faransanci. Ɗan Ingila kuwa harshen uwarsa na dangin Jamusanci ne. Latinanci sai a gaban malami, harafi bayan harafi, kowace kalma da ƙarshenta cikakke kamar yadda take a takarda. Saboda haka ya fi masu harshen riƙe ƙa'ida. Duk wanda ya yi lakol a ƙasar nan ya san irin wannan: mu da muka koyi Faransanci da dikte mun fi jin zafin kuskure bisa ga ɗan Paris da ya sha shi a nono.

A shekara ta 716 Winfrid ya bar aji ya ƙetare teku zuwa Firisiya, ƙasar fadama da gaɓar teku a arewacin Holand, don ya yi wa'azi. Zaɓin ba na banza ba ne. A duk nahiyar Turai babu harshen da ya kai na Firisiyawa kusanci da na Ingila. Har yau ana ganin alamar: coci a Ingilishi church ne, a Firisiyanci tsjerke, amma a Jamusanci Kirche. Cuku kuma cheese, tsiis, Käse. Biyun farko sun tausasa tsohon sautin k a gaban wasalin gaba, irin abin da Hausa ke yi wa t in ta ce mota, motoci. Wato mutanen da ya nufa za su iya gane maganarsa.

Amma ya iso a mummunan lokaci. Radbod, sarkin Firisiya, yana yaƙi da Sharl Martel, wazirin da mulkin Farankawa ya koma hannunsa daga baya, wanda muka karanta a tarihi saboda yaƙin Poitiers na 732. A idon Radbod coci kayan abokan gaba ne, yana rushe su yana korar limamai. Winfrid ya gana da shi a Utrecht, bai samu komai ba, ya koma gida. Da Winbert ya rasu aka zaɓe shi shugaban Nursling, ya ƙi. A 718 ya sake barin Ingila, kuma bai ƙara taka ta ba.

Ranar da ya roƙi alƙalami a Roma

Wannan karon Roma ya fara zuwa. Ranar 15 ga Mayu 719 Paparoma Giregori na 2 ya ba shi takardar izinin wa'azi, ya kuma canza masa suna zuwa Bonifas. A shekarar Radbod ya mutu, sai Bonifas ya koma Utrecht ya yi wajen shekara 3 yana taimakon Willibrord, wani dattijon bishop ɗan ƙasarsu. Daga nan ya shiga tsakiyar Jamus, ƙasashen Hesse da Turingiya.

A 722 aka kira shi Roma don a naɗa shi bishop. Wanda ya rubuta tarihinsa, wani limami ɗan Ingila mai suna Willibald da ya tattara labarin daga bakin almajiransa ƴan shekaru bayan kisan, ya kawo wani ɗan abu da ya faru a ganawar. Paparoma ya tambaye shi aƙidarsa. Bonifas ya amsa cewa shi baƙo ne, bai saba da irin maganar Paparoma ta yau da kullum ba, a ba shi lokaci ya rubuto. Aka ba shi, ya kawo ta a takarda cikin Latinanci mai tsabta. Ku duba fa: mai littafin nahawu, a tsakiyar Roma, kunnensa ya kasa kama Latinancin masu gari. Masanin harshe Roger Wright, a littafinsa na 1982, ya nuna cewa irin waɗannan malamai na Ingila, masu furta kowane harafi yadda aka rubuta shi, su ne daga baya suka raba Latinancin coci da maganar jama'a har kowa ya gane sun zama harsuna biyu. Ranar 30 ga Nuwamba 722 aka naɗa Bonifas, ya yi rantsuwar biyayya ga Paparoma a kabarin Bitrus. Ya fito da wasiƙu a hannu, a 723 kuma ya karɓi wata daga Sharl Martel mai cewa yana ƙarƙashin kariyarsa.

Iccen Geismar

Abin da aka fi saninsa da shi ya faru wajen 723 ko 724. A Geismar, kusa da Fritzlar, akwai wani ƙaton icce irin wanda ake kira ok, mutanen wurin na girmama shi da sunan abin bautarsu na tsawa. Bonifas ya ɗauki gatari a gaban taro. In ji Willibald, sara kaɗan ya yi sai iska mai ƙarfi ta taso, iccen ya faɗi ya tsage gida huɗu, masu tsine masa suka koma masu gaskatawa. Da katakon ya gina ɗan ɗakin ibada da sunan Bitrus.

Abu biyu nake so mu lura da su. Na farko, Willibald bai rubuta sunan abin bautar da harshen masu shi ba. Ya kira iccen na Jupita, abin bautar Romawa. Masana ne suka mayar da shi Donar, kuma hujjarsu na cikin kwanakin mako: Alhamis a Faransanci jeudi ce, ranar Jupita, a Jamusanci kuwa Donnerstag, ranar Donar. Tun a labarin farko, ke nan, an fassara mutanen Geismar zuwa Latinanci kafin su iso gare mu.

Na biyu, jaruntar na da iyaka. Sansanin Farankawa na Büraburg na nan kusa, takardar Sharl Martel kuma na hannunsa. Bonifas da kansa bai ɓoye ba. Bayan shekaru ya rubuta wa tsohon abokinsa Daniyel, bishop na Winchester, cewa in ba da kariyar mai mulkin Farankawa ba, ba zai iya tafiyar da jama'ar coci ba, ba zai iya kare limamansa ba, ba zai iya hana ibadar gargajiya ba. Shi Daniyel ɗin wata hanya ya ba shi shawara tun farko: kada ka zagi abin bautarsu, ka yi ta yi musu tambaya cikin natsuwa. In an haifi allolin nan, wa ke riƙe da duniya kafin haihuwarsu? In suna da iko, mi ya sa Kiristoci ke da ƙasashen mai da inabi, su kuwa aka bar su da ƙasar sanyi? Wasiƙar Daniyel na nan har yau. Amsar da mutanen Hesse za su bayar kuwa ba wanda ya rubuta.

Aiko mini da littafi

A 732 Paparoma Giregori na 3 ya aiko masa da farin gyalen ulu, alamar babban bishop. Daga nan aikinsa ya fi karkata ga tsari. A 739 ya raba Bavariya yankin bishop huɗu: Salzburg, Regensburg, Freising da Passau. Bayan rasuwar Sharl Martel a 741, ƴaƴansa Karloman da Pepin suka ba shi dama ya kira tarurrukan gyaran coci. Ya hana limamai ɗaukar makami da farauta, ya sa aka tsige Gewilib, bishop na Mainz, wanda ya kashe mutum don ramuwar jinin ubansa. Kujerar Mainz ɗin daga baya ta zama tasa. Ya yi faɗa da wani mai wa'azi, Aldebert, da ke yawo da wasiƙa wai daga sama ta faɗo, yana raba wa mabiya gashinsa da farcensa. A 744 almajirinsa Sturm ya kafa gidan zuhudu na Fulda cikin daji, wurin da Bonifas ya zaɓa a binne shi. Manyan limaman Farankawa da yawa ba su ƙaunace shi ba, kuma ba abin mamaki ba ne: baƙo ne da ya zo da littafin doka yana auna kowa.

Wasiƙunsa da na magajinsa Lull, wajen 150, sun tsira. Da ka karanta abin da ke cikinsu, roƙo ɗaya ke ta dawowa: a aiko da littafi. Wajen 735 ya roƙi Eadburg, shugabar wani gidan zuhudu na mata a Ingila, ta kwafe masa wasiƙun Bitrus da tawadar zinariya, don in yana wa'azi kwarjinin littafin ya cika idon masu sauraro. Zinariyar ma shi ya aika. Masu sauraron nan ba su iya karatu ba, littafin kallo za su yi. Da tsufa ya kama shi, ya roƙi Daniyel ya nemo masa littafin annabawa da malaminsa Winbert ya bari, mai manyan haruffa rarrabe, don idonsa ya daina ganin ƙanana masu haɗe. A lokacin Daniyel kansa ya makance. Mata ma sun biyo shi daga Ingila, cikinsu har da ƴar uwarsa Lioba, wadda tun tana budurwa ta aiko masa da baitocinta na Latinanci tana roƙon ya gyara mata. Ita ta shugabanci gidan mata na Tauberbischofsheim.

Tau, mu koma ga limamin Bavariya. Wasu limamai biyu, Virgil ɗan ƙasar Ailan da Sidonius, suka ƙi umarnin sake baftisma, suka rubuta Roma. Paparoma Zakariya ya ba da amsa ranar 1 ga Yuli 746, kuma bai goyi bayan Bonifas ba. Ya ce in limamin bai yi nufin shigo da wata ɓatacciyar aƙida ba, rashin sanin Latinanci ne kawai ya karya masa harshe, baftismar ta yi, kada a sake. Zakariya ɗan gidan masu jin Girkanci ne daga kudancin Italiya, kuma shi da kansa ya fassara littafi daga Latinanci zuwa Girkanci. Ina jin wanda ya taɓa fassara ya san ma'ana na iya tsira ko rigar kalma ta canza.

Da farko na ɗauki Bonifas mai tsaurin banza. Yanzu na rage. A kunnen ɗan Roma, patris da patria a bakin jahili duk abu guda ake nufi, don shi kansa ya daɗe da haɗiye ƙarshen kalmomi. A kunnen Bonifas ƙarshen kalma shi ne ma'ana: filia mace ce, kuma ba a yi masa wa'azin wata ɗiya ba. Mutum ne da ya yi imani cewa tsiran rai na rataye da waɗannan kalmomi, yana aiki a bakin iyaka, da limamai masu ƙarancin karatu, nesa da duk wanda zai tambaya. In ya saki harafi ɗaya, ina abin zai tsaya? Tsoronsa ke nan. Paparoma ya fi shi gaskiya a hukunci, amma tsoron ba na wasa ba ne.

Dokkum

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi daɗi ba. Ya rubuta wa Paparoma Istifanus na 2 yana ba da haƙurin jinkirin wasiƙa, don yana gyaran coci fiye da 30 da aka ƙona a hare-haren kan iyaka. Ya rubuta wa Fulrad, shugaban gidan zuhudu na Saint-Denis, ya roƙar masa Pepin, wanda ya zama sarki a 751, ya kula da almajiransa bayan ransa: kusan dukkansu baƙi ne, waɗanda ke bakin iyaka suna samun abin ci amma sutura sai an taimaka. Ya miƙa Mainz ga Lull, ya ce zai koma Firisiya, inda ya fara ya kasa shekara kusan 40 da suka wuce. Willibald ya ce ya umarci Lull ya cika masa akwati da littattafai, ya sa likkafani a ciki.

Suka bi kogin Rhin a jirgin ruwa, suka shiga arewacin Firisiya inda ikon Farankawa bai kafu sosai ba. Suna wa'azi, suna baftisma, suna rushe wuraren ibadar gargajiya. Suka kafa tantuna a bakin kogi kusa da Dokkum, aka sa ranar da sabbin tuba za su dawo a ɗora musu hannu a tabbatar da su. Ranar 5 ga Yuni 754 ce, wasu tsoffin rubuce-rubuce sun ce 755. Da gari ya waye, waɗanda suka iso masu mashi da garkuwa ne. Samarin ayarin suka zabura za su kare shi, ya hana su, ya tuna musu cewa Littafi ya hana rama mugunta da mugunta. Aka kashe shi da mutanensa, waɗanda aka ce sun kai 52, har da Eoban, bishop ɗin da ke taimaka masa a Utrecht.

Sauran labarin, yadda Willibald ya kawo shi: maharan suka kwashe akwatuna suna zaton zinariya da azurfa ne, suka tarar da giyar inabi a jiragen suka sha, faɗa ya kaure tsakaninsu kan rabo har suka kashe juna. Waɗanda suka rage suka fasa akwatunan, sai littattafai. Suka watsar da su a fili da cikin fadama. Bayan kwana 3 mayaƙan Kirista suka shiga ƙasar maharan, suka kashe, suka kwashi mata da yara da dukiya, waɗanda suka tsira kuma suka karɓi addinin. Willibald bai ga abin kunya a nan ba, ya rubuta shi a matsayin sakayya. Dattijon ya hana a zare takobi dominsa da safe, kafin mako ya zagayo an zare.

An kai gawarsa Utrecht, sannan Mainz, sannan Fulda, inda kabarinsa yake har yau. Nan da nan taron cocin Ingila ƙarƙashin Cuthbert na Canterbury ya sa a riƙa tunawa da ranar kowace shekara. Tun 1867 bishop-bishop ɗin Jamus ke taruwa a Fulda, a 1874 kuma Paparoma Pius na 9 ya sa idinsa na 5 ga Yuni ya game cocin Katolika duka.

Wa ya yi magana, wa aka rubuta

Hoton da aka fi yi masa shi ne dattijo riƙe da littafi, takobi ya huda littafin. Wannan ba ya cikin Willibald. Ya fito ne daga wani tarihi na biyu da aka rubuta a Utrecht a ƙarni na 9, wanda marubucinsa ya ce ya samu wata tsohuwa a yankin Dokkum da ta rantse tana wurin, ta ga ya ɗora littafin Linjila a kansa lokacin da aka kawo sara. A Fulda akwai wani littafin fata da ake kira Kundin Ragyndrudis, da sara mai zurfi a gefensa, an daɗe ana cewa shi ne. Sai dai abin da ke cikinsa ba Linjila ba ce, tarin rubuce-rubucen malaman coci ne irin su Isidor na Seville da Ambros na Milan. Saran na nan, kowa na iya gani. Hannun da ya yi shi da ranar da aka yi shi, a nan masana suka rabu.

Su wane ne maharan? Willibald ya nuna su ɓarayi ne mashaya. Wasu masana tarihi na tuna mana cewa a Dokar Firisiyawa, wadda aka rubuta a zamanin Sharlaman, akwai hukuncin kisa a bakin teku ga wanda ya fasa wurin ibada, kuma ayarin Bonifas abin da yake yi ke nan. Mai yiwuwa kwaɗayin akwati ne, mai yiwuwa hukunci ne a ganinsu, mai yiwuwa ƙin Farankawa ne da suka ga limamai na share wa hanya. Ba kalma ɗaya da ta iso mana daga bakinsu. Mutanen da harshensu ya fi kowane kusa da nasa, waɗanda ya yi wa wa'azi ba tare da nisan fahimta ba, a takarda bebaye ne. Ko wa'azin da shi kansa ya yi da harshen jama'a bai tsira ba, Latinancinsa ne ya tsira.

Daga cikin ƴan rubutun farko da muke da su a harsunan wannan gaɓa akwai wata gajerar rantsuwar baftisma ta ƙarshen ƙarni na 8, da ke ajiye a ɗakin karatu na Vatikan. A cikinta ne sunayen Thunaer da Woden da Saxnot suka bayyana da harshen masu su, kuma an rubuta su ne don mai tuba ya furta cewa ya rabu da su. Sai a 813, a taron Tours, coci ta umarci limamai su riƙa mayar da wa'azi cikin maganar jama'a, ta Romawa ko ta Jamusawa, don kowa ya gane. Shekara kusan 60 ke nan bayan Dokkum.

Ba na jayayya da jaruntar Bonifas. Dattijo mai raunin ido da ya bar kujerar Mainz ya shiga jirgi da likkafaninsa ya san abin da yake nema, kuma ya hana a zubar da jini dominsa. Ga masu bin addininsa wannan shahada ce, kuma na gane dalili. Abin da ya dame ni na ɗalibin harshe ne. A duk labarin nan, mutum biyu ƴan ƙasa ne suka kusa yin magana: limamin da ya ce filia, da tsohuwar Dokkum. Ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Shi an tuna shi ne don kuskurensa, ita kuma maganarta ta iso cikin Latinancin wani.

A hutun da ya wuce na ɗauki muryar wata tsohuwa a ƙauyenmu don aikin makaranta. Da na zo juyar da ita a takarda, sai na ga inda ta ce "munka tahi" hannuna ya rubuta "muka tafi", shafi bayan shafi, ban ma sani ba. Ba wanda ya sa ni, hannun ne ya saba da Hausar littafi. Na ɗauki kwana biyu ina sake sauraro ina mayar mata da abinta, na kuma rubuta sunanta a saman shafin farko.